Sharhi: A yi wa karnukan Bale allura

Jama'a masu sauraro, duk faɗin duniya babu inda jan kyarkecin Habasha yake rayuwa sai kan tsaunukan ƙasar masu tsayin sama da mita 3,000, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 500 ba. Fiye da rabinsu suna tsaunukan Bale da ke kudu, wurin da hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin wuraren gado na duniya a 2023. An yi murna, amma har yau cutar da ke ƙarar da dabbar nan tana nan daram, kuma abin takaicin shi ne an san ta, an san maganinta.

Cutar haukar kare ce. Makiyaya da manoman sha'ir suna ta hawa tsaunuka saboda ƙarancin ƙasa, karnukansu na biye da su. Kyarkeci kuwa mai zaman dangi ne, suna haɗuwa safe da yamma suna shinshinar juna, don haka da ɗaya ya kamu, gida ya tashi ke nan. Tsakanin 1991 da 1992 cutar ta kashe kusan kashi uku cikin huɗu na kyarketan kwarin Web da ke tsaunukan Bale. Ta dawo a 2003, ta dawo a 2008, ta sake dawowa a 2014. Sau nawa za ta dawo kafin a ɗauki allurar karnuka da muhimmanci?

Wasu za su ce ana fama da yunwa da rikici, wa ke ta kyarkeci. Wannan magana ba ta da madafa. Karen da ke cizon kyarkeci shi ne ke cizon yaron makiyayi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibi ta cizon kare. Allura guda ce take tsare su biyun. Batun cewa kyarkeci yana ɓarnar dabbobin makiyaya ma bai taka kara ya karya ba, domin ɓerayen tsauni ne abincinsa.

Shirin kiyaye kyarkecin da aka kafa a 1995 yana yi wa karnuka allura, kuma tun 2018 yana ɓoye rigakafi cikin naman akuya domin kyarketan su ci. Ko hakan zai wadatar alhali gonaki na ci gaba da cinye mazauninsu, ina da shakku. Amma allurar karnukan ƙauyukan Bale aikin hukumomin lafiyar dabbobi ne, kuma ya kamata gwamnatin Habasha ta sa shi cikin kasafinta na kowace shekara.