Matuƙin Jirgin Yaƙin da Aka Jefo wa Ƙafa Daga Sama

Ranar 9 ga Agusta, 1941, a sararin samaniyar arewacin Faransa, wani jirgin yaƙin Birtaniya ƙirar Spitfire ya rabu da wutsiyarsa, ya yo ƙasa gadan-gadan. Matuƙin ya yunƙura zai fice, sai ƙafarsa ta dama ta maƙale. Da wani ne, sai dai a ji labari. Shi kuwa maɗaurin ƙafar ne ya tsinke, ya bar ta a jirgin, ya sauko da lema. Ƙafar ta ƙarfe ce, haka ma ɗayar.

Sunansa Douglas Bader. Kada ku ɗauka a fagen fama ya rasa ƙafafun nan. Rawar kai ce ta ja masa. A Disambar 1931, yana da shekara 21, ya tashi nuna bajinta dab da ƙasa a wani filin jirgi kusa da garin Reading, fiffike ya taɓa ƙasa, jirgi ya tarwatse. Likitoci suka yanke ta dama a saman gwiwa, ta hagu a ƙasan gwiwa. Ya koyi tafiya da ƙafafun ƙarfe, ya ƙi riƙe sanda. Duk da haka rundunar sojin sama ta sallame shi a 1933, ya koma aikin ofis a kamfanin mai.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, ya yi ta naci har aka mayar da shi. A 1940 aka ba shi jagorancin runduna ta 242, yawancinsu 'yan Kanada da suka dawo daga Faransa jiki a mace. Ana cewa rashin ƙafa ya yi masa rana: idan jirgi ya yi kwana da ƙarfi, jini kan zube zuwa ƙafafu, idon matuƙi ya rufe. Shi jinin ba shi da inda zai gangara sosai. An lissafa masa jirage 22 da ya kaɓo shi kaɗai, ya karɓi lambobin yabon soja na Birtaniya: ta DSO sau biyu, ta DFC ma sau biyu.

To, mu koma Faransa. Jamusawa sun kama shi, suka kwantar da shi a asibitin Saint-Omer, suka aika wa Birtaniya cewa a kawo masa ƙafa, ba za su taɓa jirgin ba. Turawan Ingila suka ƙi karɓar alfarmar. Ranar 19 ga Agusta suka jefo akwatin ƙafar da lema, a kan hanyarsu ta zuwa ruwan bama-bamai. Kafin nan ma mutumin ya ɗaure zannuwan gado ya sulale ta taga, aka sake cafke shi. Yawan yunƙurin gudu ya sa aka kai shi kurkukun Colditz da ke Jamus a 1942.

A can ne labarin ke ɗan ɗaci. Wani ƙaramin soja ne ke goya shi a matakala kullum. Da aka ba sojan damar komawa gida a 1943, Bader ya hana, bawan Allah ya ƙara kusan shekara biyu a tsare. Bayan yaƙi kuma Bader ya fito fili ya goyi bayan mulkin farar fata na Ian Smith a Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau.

A 1976 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir saboda ɗawainiyar da ya yi wa naƙasassu. Ya mutu ranar 5 ga Satumba, 1982, yana da shekara 72.