Zagayen bakin tekun Zanzibar da iyali a mota: darasi na biyu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Sakkwato. Wancan karon mun gama zancen biza da katin rigakafin shawara, ba ni komawa kansu. Yau mun sauka Zanzibar, tsibiran ƙasar Tanzaniya, iyali suna tsaye da kaya, an miƙo maka makullin mota. Na ɗauka kowa ya iya tuƙi, kuma lasisinka na aljihu. Abu ɗaya dai, lasisinmu shi kaɗai bai isa can, sai an haɗa maka da takardar izinin tuƙi tasu ta wucin gadi. Masu ba da hayar motar su ka yin ta, ka tura musu hoton lasisin tun kana gida. 'Yan sanda na tsayarwa kan hanya, kuma ita suka fara tambaya.

To ga taswira. Ku matso da kyamara kaɗan, yauwa. Wanga shi ne babban tsibirin, Unguja, tsawonshi wajen kilomita 85. Wanda ya saba Sakkwato zuwa Gusau zai ce ai wannan wasa ne. Kar tsawon ya ruɗe ka, hanyoyin ƙanana ne, ga masu keke, ga shanu, ga motocin haya da suka kira daladala, masu tsayawa inda sunka ga dama.

Yanzu abin da ya wahalshe ni, kuma nan zan daɗe. Hannun hagu suka bi. Dattawanmu za su tuna mu ma haka muke kafin a koma hannun dama a 1972. Sitiyari na dama, kai kana zaune wajen tsakiyar titi. Riƙe wannan kawai: direba kullum shina gefen tsakiyar titi. In ka ga kanka kusa da ciyawar bakin hanya, to ka ɓata. Miƙaƙƙiyar hanya ba ta da wuya, inda aka faɗawa shi ne fitowa daga gidan mai ko daga lungu sanda babu mota ko ɗaya da za ka kwaikwaya. Hannu ya saba, sai ya kai ka dama. A shataletale kuma ka shiga ta dama... a'a, astagfirullah, kun ga ni ma. Ta hagu za ka shiga, ka zagaya yadda hannun agogo ka tafiya, kana duban mai zuwa daga damarka. Sai sigina. Motocin galibi na Japan ne, sandar sigina tana dama, ta waifa tana hagu. Rana ta farko duk kwanar da nis sha sai waifa ta tashi, rana tsaka, babu ko ɗigon ruwa. Ɗiyana sunka mai da shi abin ƙirga, uwargida tana ta "Alhaji, hagu! Alhaji, hagu!" Ku bar ta ta faɗa, aiki ta ka yi. Kuma ku ɗauki otomatik, sa giya da hannun hagu wani karatu ne daban.

Daga tsohon gari, wanda suka kira Stone Town, mutane da yawa arewa suka nufa, Nungwi, inda aka sassaƙa jiragen ruwa na katako. Yana da kyau, amma ni da yara na fi son gabas. Ka fita da sassafe, kamar kilomita 35 ka iso dajin Jozani, inda jajayen biran nan suke, waɗanda asalinsu na tsibirin ne. Ka rage gudu nan, suna ƙetare titi. Daga nan sai Paje, ka karya kudu zuwa Jambiani.

Kar ka zaci titin na bin gaɓar ruwa kana tuƙi kana kallon teku. Itacen kwakwa da gidaje da masaukai sun tare. Sai ka ajiye mota ka bi lungu da ƙafa, sannan farin yashin ya bayyana.

Nan ne ninka sha kunya. Na yi wa yara alkawarin teku tun daga Mabera nan Sakkwato, munka iso da hantsi, babu teku. Ruwa ya janye can nesa, sai mata sun duƙa cikin gonakinsu na ciyawar ruwa, wadda suka ɗaure ga igiya da turaku su shanya su sayar. Ƙaramin ya ce, "Baba, an ɗauke ruwan?" Ashe gefen gabas haka yake, ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kowace rana lokacin na matsawa gaba da kamar minti 50. Wata ne ke jan shi. Mu da anka sani da duban wata, wannan namu ne: farkon wata da daren sha huɗu, cikar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. Don haka ka duba jadawalin ruwan a waya kafin ka tsara fita, ka sa tuƙi lokacin da ya janye, wanka lokacin da ya dawo. In za a taka cikin ruwan a sa wa yara takalmin roba, akwai wasu halittu masu ƙaya a ƙasa.

 

Ina muke? Jambiani. Ka cika tanki tun daga gari, ka riƙe shilin ɗinsu a hannu, ba ko'ina kati ka aiki ba. Ka miƙe kudu ta Makunduchi zuwa Kizimkazi. Akwai tsohon masallaci can, rubutun jikin mihirabinshi na nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Ku lissafa, kusan shekara 700 kenan kafin jihadin Shehu na 1804. Kuma in za ka yi salla kan hanya kar ka fuskanci gabas yadda munka saba. Alƙiblarsu arewa take. Ni sai da wani dattijo ya kama kafaɗata ya juya ni.

Agogonsu na gaba da namu da awa 2, wannan waya za ta gyara da kanta. Wanda ba ta gyarawa shi ne lissafin Sawahili: daga fitowar rana suka fara ƙirga, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. Saboda haka in mai mota ya ce ka maido ta ƙarfe huɗu, ka tsaya ka tambaye shi, na agogo ko nasu? In nasu ne, ƙarfe 10 na safe yake nufi, ba la'asar ba. Ka sa ya rubuta maka da lamba jikin takardar hayar kafin ka tada mota.