Makirufon shifta ya ƙi fitowa a VirtualBox? Ga inda matsalar take

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan bayani na masu aikin rubutu ne da murya: sakatarori a ofisoshin Gusau, lauyoyi, likitocin da ke faɗar rahoto manhaja tana rubutawa, har da ɗalibanmu na Kaura Namoda da ke koyon aiki da VirtualBox, wato manhajar da ke gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfutarka. Ka jona makirufo, fitilarsa ta kama, babbar kwamfutar ta gan shi, amma Windows ɗin da ke gudana a cikin VirtualBox ta ce babu komai. Kafin ka mayar wa mai shago da kayansa, tsaya mu duba.

Kwamfutar gaske ita ce mai masauki, wadda ke ciki kuma baƙuwa ce, ba ta taɓa komai a gidan sai abin da aka miƙa mata. Hanyoyin miƙa makirufo biyu ne, kuma a nan yawanci ake rikicewa.

Ta farko, ka bar shi a hannun babbar kwamfutar, ka tura wa ta ciki sautin kawai. Kashe ta cikin gaba ɗaya, shiga Settings ɗinta a VirtualBox, sai Audio, ka sa alama a kan Enable Audio Input. A kashe yake zuwa tun asali. Idan makirufon na kunne ne mai siririn fulogi, wannan ya wadatar.

Amma irin su Philips SpeechMike lamarinsu daban. Waɗannan suna da maɓallai a jiki, na ɗauka, na tsayawa, na komawa baya, kuma maɓallan ba sa bin hanyar sauti. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa murya tana shiga amma ya danna maɓalli shiru. Irin wannan sai a miƙa na'urar ɗungurungum ta USB. A Settings ɗin dai, buɗe USB, kunna shi, ka zaɓi 2.0 ko 3.0. Ka duba wane VirtualBox kake da shi: tun daga na 7.0 da ya fito a 2022 USB 2.0 da 3.0 suna zuwa tare da shi, amma a tsofaffin sai ka saka ƙarin manhajar da ake kira Extension Pack, kuma lambarsa ta yi daidai da ta VirtualBox ɗin. Wanda aka tura maka a filashi tun bara ba lallai ya dace ba.

Yanzu danna ɗan hoton nan mai alamar ƙari, ka zaɓi sunan makirufon. Daga yau duk lokacin da ka jona shi, kai tsaye zai wuce ciki. Kunna Windows ta ciki, bari ta gama tashi, cire igiyar, ka sake jonawa. Babbar kwamfutar za ta daina ganinsa, kada hankalinka ya tashi, haka ya kamata, domin ba ya zama a wuri biyu lokaci guda. Idan kuwa aka ce maka na'urar tana kan wani aiki, to wata manhaja ce a waje ta riƙe ta, galibi ta kamfanin makirufon ko ta kiran bidiyo. Rufe ta, ka sake gwadawa. Wanda babbar kwamfutarsa Linux ce ya tabbatar sunansa yana cikin rukunin vboxusers, wato na waɗanda aka ba izinin amfani da USB a VirtualBox, sannan ya fita ya sake shiga, in ba haka ba jerin USB fayau zai gan shi.

Ina roƙonku, ku daina jona makirufon aiki a ƙananan mahaɗan USB masu arha da ake sayarwa a bakin kasuwa. Ku sa shi a jikin kwamfutar kanta.

Saura abu guda a cikin Windows ta ciki. Shiga Settings, Privacy, Microphone, ka ba manhajoji izini, musamman layin ƙasa na manhajojin tebur, domin a nan Dragon, manhajar mayar da magana rubutu, da makamantanta suke. Daga nan ka je wajen sauti ka zaɓi makirufon a matsayin na farko, ka yi magana ka ga ko layin yana motsi.

Wanda kuma yake shiga ta Remote Desktop, wato manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, nasa gyaran yana ƙarƙashin Local Resources, a saitin sauti, ya zaɓi Record from this computer kafin ya danna Connect.