Darasi: Shirya histon kafin a kai shi na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari (mass spectrometer)

Jama'a barkanku da war haka. Na ɗauka kun riga kun ciro histon ɗinku, wato furotin ɗin da DNA ke naɗewa a kansa, da asid na salfiyurik, kun kwantar da shi da asid ɗin TCA, kun wanke da asiton. Wannan kowa ya iya. Fatana dai kun zuba sodiyam butiret tun wajen fasa ƙwayoyin, don in babu shi, asetil, alamar sinadarin da kuke nema a jikin histon, ya gudu tun kafin ku fara.

To, ga maikurogiram 20 na histon cikin amoniyam baikabonet, pH 8. Kada ku kuskura ku yi amfani da Tris, yana da nasa sinadarin amin, zai shanye maganin da za mu zuba nan gaba.

Me ya sa ba za mu zuba tirifsin, enzayim ɗin da ke yanka furotin, kai tsaye ba? Wutsiyar histon cike take da amino asid biyu, laisin da arjinin, tirifsin kuwa duk inda ya gan su sai ya yanka. Guntayen su fito ƙanana, ba sa kama C18, matatar da ke riƙe guntaye kafin su shiga na'ura, ruwa ya tafi da su. Shi ya sa muke toshe laisin da furofiyonik anhaidiraid, yanka ya koma kan arjinin kaɗai.

Kashi ɗaya na anhaidiraid, kashi uku na asitonaitiril. Wasu na sa aisofurofanol, ni asitonaitiril na fi so. A haɗa yanzu, a zuba yanzu, domin danshi na kashe shi. Zan zuba maikurolita goma... a'a, biyar, samfurin maikurolita ashirin ne, rubu'insa ake sawa.

Nan ne wurin natsuwa. Kana zubawa pH zai faɗi, saboda asid ke fitowa. Nan take ka bi shi da amoniyam haidiroksaid, ka ɗiga kaɗan kan takardar gwaji, ka duba launi. Takwas ake so. In ya yi ƙasa, laisin ba zai toshe duka ba, tirifsin ya yanka inda bai kamata ba. In ya haura goma, maganin ya hau kan sirin da tiriyonin, sai ka ga ƙarin nauyin 56 na maganin a wurin da ba gurbinsa ba. Ku sake dubawa bayan minti biyu, yana sake zamewa.

Minti 15, a busar, a maimaita. Sannan tirifsin, ɗaya bisa ashirin na nauyin histon, a digiri 37 ya kwana. Washegari a sake toshe sabbin bakunan guntayen, a tace gishiri.

Wajen karanta sakamako ku lura: asetil na ƙara nauyin 42.011, metil uku na ƙara 42.047. Sai na'ura mai kaifi irin Orbitrap ke raba su. Haka guntun histon H3 daga amino asid na 9 zuwa na 17: asetil a laisin na 9 (K9) ko na 14 (K14), nauyinsu ɗaya ne, sai kun duba ɓaraguzan MS2, wato awo na biyu bayan na'ura ta farfasa guntun, za ku san inda yake zaune.