Nauyin da ke kan mai gini kafin gobara ta tashi

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, abubuwa huɗu na yi niyyar kawowa game da nauyin da ke wuyan mai gini da wanda aka damƙa wa kula da shi.

Na farko shi ne doka. Nijeriya tana da dokar hukumar kashe gobara tun 1963, tana da kundin ƙa'idojin gine-gine na ƙasa na 2006, sannan tun 2003 dokar inshora ta wajabta yi wa ginin da jama'a ke shiga inshorar gobara. Ba zan daɗe a nan ba.

Na biyu, kuma a nan nake roƙon na baya su dakata da hira, shi ne ƙofar fita. Ku shiga benayen kasuwanninmu ku duba: matakala ɗaya ce tal, an jibge dilolin atamfa a kanta, ƙofar baya kuwa an garƙame ta da kwaɗo, makullin yana aljihun maigadi, maigadin ya tafi cin abinci. Tagogin ma an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi, babu ko ɗaya da ake iya buɗewa daga ciki. Mun hana ɓarawo shiga, mun kuma hana kanmu fita. Galibi hayaƙi ne ke kashe mutane kafin wuta ta iso su, domin yana rufe ido yana toshe numfashi cikin 'yan mintoci, saboda haka ƙofar da sai an nemo makullinta ba ƙofa ba ce. Ina maimaitawa, ba ƙofa ba ce. Kuma wajibi ne ta riƙa buɗewa zuwa waje, domin idan mutane suka yi cincirindo suna turawa, babu mai samun sararin jawo ta ciki. Alhaji yana dariya, ina jin na taɓo shagonsa ne.

Na uku shi ne tukunyar kashe gobara. Rataye ta a bango bai wadatar ba. A duba allurar ma'aunin da ke jikinta tana kan kore, a kuma koya wa ma'aikata zare fil ɗinta. Na huɗu, batun wayoyin lantarki da ajiye fetur kusa da janareta kuwa, wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba ya buƙatar dogon bayani.

Hajiya tana tambaya: idan ɗan haya ne ya toshe hanya da kayansa, laifin wa? Ranki ya daɗe, yana da nasa laifin, amma matakala da farfajiya ba a ba shi haya ba, suna hannun mai gini. Ki sa sharaɗin a takardar haya, ki riƙa zagayawa da kanki, idan ya ƙi ji ki gayyato 'yan kwana-kwana su duba ginin su ba ki rahoto a rubuce.