Malcom McLean da Sirrin Kusurwar Kwantena

[Hoto: tashar jiragen ruwa da dare, kwantenoni jibge kala-kala]

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Duk sa'ad da aka tashi tunawa da wannan dattijo, Malcom McLean, magana ɗaya ake maimaitawa: wai shi ne ya ƙirƙiro kwantena. Yabo ne, kuma ya cancanci yabo. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwatin ƙarfe na zuba kaya ya riga shi zuwa duniyar sufuri. Jiragen ƙasa a Ingila sun daɗe suna ɗaukar akwatuna, sojojin Amurka ma sun yi ta jigila da ƙananan akwatunan ƙarfe a lokacin yaƙin Koriya. To me Malcom McLean ya yi da har yau masu harkar dakon kaya ba sa ambaton sunansa sai da girmamawa? Ku biyo ni.

[Tsofaffin hotuna: ƙauye, tsohuwar babbar mota]

Tarihinsa a gurguje. An haife shi a 1913 a garin Maxton, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Ɗan manomi ne, karatunsa bai wuce sakandare ba. Ya fara da tsohuwar mota guda ɗaya, shi ne direba. Da shi da 'yan uwansa biyu, Jim da Clara, suka kafa kamfanin McLean Trucking. Kafin tsakiyar shekarun 1950 motocinsu sun haura 1,700. Wato mutumin titi ne, ba na teku ba. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani.

[Bidiyon da: 'yan dako cikin jirgi, buhuna da ganguna a raga]

Yanzu ku kalli yadda ake loda jirgi a wancan zamani. Buhu ɗaya-ɗaya. Ganga ɗaya-ɗaya. A sauke daga mota, a jibge a sito, a kwaso, a zuba a raga, a ɗaga, a saukar cikin jirgi, wasu mutanen kuma su tura kowane kaya lungunsa su ɗaure. Jirgi kan shafe kwana da kwanaki a tsaye, wani lokaci fiye da mako, bai tafi ko'ina ba, kuɗi na ƙonewa. Kaya na fashewa. Wasu na yin ƙafa su bi ta bayan gida, musamman kwalabe da rediyo. Mutane na karyewa, wasu ma su rasa ransu. McLean da bakinsa ya riƙa ba da labarin wata rana a 1937 da ya kai auduga tasha, ya wuni cikin mota yana jiran layi, yana kallon wannan wahala.

[Zane mai motsi: tirela tana hawa jirgi]

To ga inda nake so mu tsaya, mu daɗe. Tunaninsa na farko shi ne a tura tirela sukutum cikin jirgi, da tayoyinta da komai. Da aka zauna lissafi sai aka ga matsala. Tayoyi da ƙarfen ƙasan tirela suna cin wuri a banza, kuma ba yadda za ka ɗora tirela a kan tirela. Sai ya ce to a bar tayoyin a ƙasa. A cire gangar jikin kawai, a ɗaga ta, a ajiye a jirgi. Can inda za a sauka, wasu tayoyin na jira.

Kamar wasa, ko? Amma ku duba abin da ya canza. Ba a ƙara taɓa kayan ba. An rufe akwatin a masana'anta, an buga masa hatimi, ba mai buɗewa sai mai kaya. Mota ta ɗauka, jirgin ƙasa ya karɓa, jirgin ruwa ya tsallaka da shi, wata motar ta ƙarasa. Masu jiragen ruwa na lokacin suna ganin sana'arsu ita ce tuƙa jirgi. Shi kuwa direban mota ne, a wurinsa jirgi wani yanki ne na hanya, abin da ya dame shi kayan su isa. A ganina wannan ne ainihin abin da ya kawo, kuma shi ne abin da hotunan tunawa ba sa iya nunawa, don ba a ɗaukar hoton tunani.

[A matso da kyamara: kusurwar kwantena]

Dakata a nan. Kun ga wannan dunƙulen ƙarfe mai ramuka a kusurwa? Takwas ne a jikin kowace kwantena, huɗu sama, huɗu ƙasa. Ramin ba zagayayye ba ne, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Akwai wani makulli mai kai irin siffar ramin. A zura shi, a murɗa shi kwata, shi ke nan ya maƙale, ba fita. Da shi injin ɗaga kaya ke cafke akwatin ta sama. Da shi ake ɗaure akwatin a bayan tirela. Da shi ake haɗa na sama da na ƙasa idan an jera su hawa-hawa. Nauyin duk yana bi ta ginshiƙan kusurwa ne, shi ya sa bangon bai da kauri amma ba ya lotsewa.

Kuma adalci ya sa a ambaci mai wannan aiki: injiniya Keith Tantlinger, wanda McLean ya ɗauko. Sau da yawa ana mantawa da shi, abin na ɓata mini rai. Maigida ya san abin da yake so, injiniya ya san yadda ƙarfe zai yarda.

[Hoton jirgin Ideal X]

Dokar Amurka ta lokacin ba ta barin mai kamfanin motoci ya riƙe kamfanin jiragen ruwa haka kawai. Sai ya rabu da motocin da ya shafe shekara ashirin yana tarawa, ya sayi kamfanin jiragen ruwa na Pan-Atlantic a 1955. Ran 26 ga Afrilu, 1956, wani tsohon jirgin dakon mai na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, Ideal X, ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58. Da aka buga lissafi, lodin da ake yi da hannu a kan dala 5.86 kowane tan ya dawo kusan santi 16. Ku sake duba lambobin a allo, ban yi kuskure ba.

Daga nan abin ya yi ta gudu. 1957, jirgin Gateway City, kwantena 226. 1960, sunan kamfani ya koma Sea-Land. 1966, suka tsallaka Atlantika zuwa Rotterdam a Holan. Sai jigilar kayan sojoji zuwa Biyetnam, jiragen kuma maimakon su dawo wayam sai su biya ta Japan su yi lodi.

[Zane: akwatuna masu tsawo daban-daban]

Saura ƙiris in manta da mataki na biyu na wannan labari. Kowane kamfani da irin akwatinsa. Na Sea-Land ƙafa 35, na wani kamfanin jiragen ruwa mai suna Matson ƙafa 24, makullai ma kowa da nasa. Akwatin wannan ba ya hawa jirgin wancan. Da an ci gaba a haka, da abin ya tsaya a kamfanoni 'yan ƙalilan. A shekarun 1960 McLean ya yarda ya saki haƙƙin mallakar fasahar kusurwar, kowa ya yi amfani da ita ba tare da biyan ko sisi ba. A kan wannan aka gina ma'aunin bai-ɗaya na duniya a ƙarshen shekarun. Tsawon da ya yi rinjaye kuwa ƙafa 20 ne da ƙafa 40. Nasa na 35 bai samu shiga ba. Ɗan kasuwa ne, ya san idan tsarin ya bazu shi ma zai ci riba, amma ba kowane mai riƙe da makulli ke miƙa wa abokan hamayyarsa ba.

[Hotuna: tsofaffin tashoshi babu kowa]

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Dubban 'yan dako sun rasa abin yi. Tashoshin Manhattan da Brooklyn a birnin New York suka yi tsit, aiki ya ƙaura tsallaken ruwa. Tsofaffin tashoshin Landan suka rufe, tashar Felixstowe da ke gabashin Ingila ta bunƙasa. Unguwanni da suka rayu da dako tun kaka da kakanni sun ji a jikinsu, kuma duk mai tunawa da McLean ya kamata ya tuna da su.

[Hoto ɗaya: McLean da furfura, tsaye bakin tasha]

Hotunan wannan ɓangare kaɗan ne, don haka bari in faɗa a hankali. A 1969 ya sayar da Sea-Land ga kamfanin R.J. Reynolds. A 1978 ya sayi kamfanin jiragen ruwa na United States Lines, ya ba da odar manyan jirage 12 masu tsimin mai amma marasa sauri, bisa zaton man zai ci gaba da tsada. Sai farashin mai ya faɗi. Masu kaya suka koma wa jirage masu gudu. A 1986 kamfanin ya durƙushe da bashin da ya haura dala biliyan 1. Bai koma gida ya naɗe hannu ba. Yana dab da shekara tamanin ya sake kafa wani kamfanin, Trailer Bridge, mai jigila tsakanin Amurka da Puerto Rico.

Ya rasu ran 25 ga Mayu, 2001, yana da shekara 87. A safiyar ranar da aka binne shi, jiragen kwantena a tashoshi daban-daban na duniya suka busa ƙahonsu.

[A tsayar da kiɗa. Ƙarar ƙahon jirgi, dogo]