Shaihu Umar a babban allo: jawabi ga 'yan Bauchi da Gombe mazauna Jamus

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, malam liman, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da ƙanne, da yaranmu da suke can baya suna latsa waya, assalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode da aka ba ni wannan dama. Na san ƙamshin masa ya riga ya cika zauren nan, kuma na san ba a tsare Babaushe da dogon jawabi alhali masa tana hucewa, don haka zan yi ƙoƙari kada in wuce lokacin da sakatare ya yanka mini.

Maganar fim na zo da ita. Na ga malam liman ya gyara zama. Allah ya gafarta malam, a yi mini haƙuri a ji ƙarshenta, don wanda ya rubuta labarin fim ɗin nan kabarinsa yana cikin garin Bauchi, kuma duk wanda yake zauren nan ya taɓa wucewa ta wurin.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda yake kula da ofishin fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A cikin waɗanda suka aika da rubutunsu akwai wani saurayi da ya gama kwalejin Katsina a wannan shekara ya dawo gida Bauchi yana koyarwa a makarantar Midil. Shekarunsa ba su wuce 21 ba. Sunansa Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafinsa kuwa Shaihu Umar. Mu mun fi saninsa da firayim minista, da muryarsa a rediyo, da kisan da aka yi masa a Janairun 1966, da hotonsa a jikin takardar naira biyar. Amma tun kafin siyasa ta ɗauke shi, marubuci ne, kuma a kusa da Bauchi ya zaunar da malamin labarin nasa, a wani ɗan gari da ya kira Rauta, inda Shaihu Umar yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa.

Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan kwaikwayo. A 1976, shekarar da aka kafa jihar Bauchi, lokacin Gombe tana cikinta ba ta ɓalle ba tukuna, marigayi Adamu Halilu ya mai da shi fim da kuɗin gwamnatin tarayya, Umaru Ladan ɗin kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar. An nuna shi a FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977. Daga nan shiru. Shekaru suka yi ta tafiya, masu nazari suna ambaton sunansa a takarda, amma ba wanda zai ce maka ga inda za ka je ka kalla. Har aka sallama cewa ya ɓace.

Sai a 2016 aka gano shi a Legas, cikin tarin tsofaffin gwangwanayen fim masu tsatsa, a wani tsohon gini na hukumar finafinai ta Najeriya wanda ya samo asali tun zamanin Turawa. Wanda ya yi tsaye a kan lamarin, Didi Cheeka, mai shirya fim ne ɗan kudancin Najeriya. Cibiyar adana finafinai ta Arsenal da ke nan Berlin ta karɓi aikin gyaran tare da hukumar finafinan, ofishin jakadancin Jamus a Abuja ya tallafa, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a Fabrairun 2018. Ku lura da jerin nan da kyau. Ɗan Kudu ya tono, Jamusawa suka gyara. Mu masu labarin, sai dai muka ji a rediyo, waɗanda suka ji ke nan.

Bari in ɗan tsaya a kan gyaran nan, don da yawa daga cikinmu mun ɗauka kwafa kawai ake yi a kwamfuta. Fim na zamanin da zare ne mai tsawo a naɗe cikin gwangwani, jikinsa jere da ƙananan hotuna, guda 24 ne suke wucewa ta gaban fitila a kowace daƙiƙa. Shaihu Umar minti 142 ne, wato hotuna sama da 200,000. Shi wannan zare, idan zafi da laima suka same shi, sai ya fara ruɓewa daga cikinsa. Yana fitar da wani wari mai tsami, ya motse, ya kanannaɗe, launinsa ya koɗe ya koma jaja-jaja, wani lokaci naɗin ya manne da juna har ba ya warwaruwa. Gwangwani ɗaya idan ya kamu, yana harbin na kusa da shi. Maganinsa ɗaki mai sanyi marar laima, Legas kuwa kun san yadda iskarta take. Masu gyara sai sun wanke zaren, sun ɗinke inda ya tsage, sun ɗauki hoton kowane ɗan hoto da na'ura, sannan su zauna su cire ƙura da ƙarzuwa, su maido da launi, su tace sauti su daidaita shi da motsin baki. Aikin watanni ne, kuma masu yinsa yawancinsu ba sa jin ko sannu da Hausa.

Ni Allah ya yi na kalle shi a gidan sinima a garin nan, kuma gani ya kori ji. Abin da ya fara kama ni tufafi ne. A waya, rawani farin dunƙule ne kawai a kan mutum. A allon da ya fi bangon zauren nan girma kuwa, kana ganin yadda aka naɗa shi, inda aka soke bakinsa, kana ganin aikin allura a wuyan babbar riga, da yadda mutum yake tattare hannun rigar ya aza a kafaɗa kafin ya durƙusa gaisuwa. Yaranmu da aka haifa a nan ba su taɓa ganin an yi wannan tattarewar da gaske ba, sai dai ranar Salla su ga ubansu yana fama da riga tana zame masa. Sannan ga faɗin ƙasa. Idan ayari ya shiga sahara, mutum da raƙuminsa sai su zama 'yan ƙanana a tsakiyar rairayi, ka ji a jikinka nisan da ke tsakanin Kano da Masar. Wannan ba ya shiga allon waya, ko wace iri ce.

Sai Hausar. Ana magana a natse, a gaisa gaisuwa cikakkiya, a yi shiru, sannan a shiga zance. Wasu matasa za su ce fim ɗin yana da nawa, ba rawa ba waƙar soyayya kowane minti goma. Gaskiya ne yana tafiya a hankali, ni ma akwai wuraren da na ga da an rage da bai ɓaci ba. Amma haka kakanninmu suke zance a zaure, kuma ban san wani wuri da za ka je yau ka zauna fiye da awa biyu kana jin irin wannan Hausa ba tare da an tsarma Turanci ba. Wani abin dariya, a zauren akwai 'yan Hausawa jefi-jefi a cikin Turawa. Idan aka yi wata magana mai daɗi, sai ka ji mu mun yi dariya ko mun ce "ash", sai bayan ɗan lokaci Turawan su biyo baya, sun gama karanta fassarar da ke ƙasan allo. Ta haka muka gane juna a cikin duhu, da aka kunna fitila kuwa muka nemi juna muka gaisa.

Akwai wani ɓangare da ba zan tsallake ba, ko da yake ba shi da daɗin faɗa a gaban baƙi. Labarin Shaihu Umar labarin bauta ne. Umar an haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafade, aka yi wa Makau sharri a fada a kan bayin da aka kamo a hari, aka kore shi daga gari. Yaron aka sace shi, ya faɗa hannun masu kamen bayi, har ya kai ga wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya ƙetare sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuma ta bazama nemansa, ita ma aka bautar da ita a hanya, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, tana gab da rasuwa. Masu kai harin nan ba Turawa ba ne. Mutanenmu ne, da rawunansu da dawakansu. Saurayi ɗan shekara 21 ya rubuta wannan a lokacin da tsofaffin da suka ga abin da idonsu suna nan da rai a Bauchi, bai ɓoye ba, bai kuma yi zagi ba. Yaranmu a makarantun nan ana koya musu tarihin bauta ta bakin wasu, ana yi musu tambayoyin da ba su da amsarsu. Na fi son su fara jin namu ɓangaren daga bakin Tafawa Ɓalewa, muna zaune kusa da su, in sun juyo sun tambaya mu amsa.

Na san tarbiyyar da aka yi mana. A unguwarmu, yaron da aka gani a ƙofar sinima ya shiga uku, don ana ganin wurin matattarar 'yan iska ce, kuma iyayenmu suna da hujjarsu. Amma dattawan nan za su tuna majigi. Mota ta zo daga ma'aikatar yaɗa labarai, a kafa farin ƙyalle a fili bayan sallar isha, maza gefe, mata gefe, yara a gaba a ƙasa, mai unguwa a kan kujera. Ba wanda ya ce wannan iskanci ne. Irin wannan kallon nake nufi, na gari guda a zaune wuri guda.

Saboda haka ina roƙon shugabanni su duba yiwuwar mu nemi izinin nuna fim ɗin nan daga masu kula da shi, mu kama ƙaramin zauren sinima na yini ɗaya, mu zo da matanmu da yaranmu. Cibiyar tana garin nan, ba sai an yi biza ba. In mun ga yadda abin ya tafi, sai mu tuntuɓi 'yan'uwa a gida, malaman jami'a da masu harkar fim, a ga yadda za a kai shi Bauchi da Gombe a nuna a fili. Na tambayi 'yan'uwana da abokan karatuna a gida, waɗanda duk sun karanta littafin a makaranta har sun yi jarrabawa a kansa, ban samu wanda ya taɓa ganin fim ɗin ba. Wasu ma cewa suka yi, au, akwai fim?

Abu na biyu ya fi wannan gaggawa, kuma ba ya bukatar izinin kowa. Kowane gida a cikinmu yana da nasa gwangwanin. Akwai kaset ɗin bidiyo na bikin aure da na hawan Salla, akwai kaset ɗin rediyo na tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, akwai waɗanda iyayenmu suka riƙa yin magana a ciki su aiko mana da mai zuwa, lokacin da ba waya. Ni akwai wanda mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta aiko mini, tana lissafa mini mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kana jin zakara yana cara a bayanta. Waɗannan kaset-kaset suna cikin akwati a ƙarƙashin gado a Wunti ko a Jekadafari, zafin bazara yana dukansu, damina ta zo su yi fumfuna. Kamfani na ƙarshe da yake ƙera na'urar bidiyo ta kaset, a Japan, ya daina tun 2016. Nan gaba kaɗan ko kaset ɗin yana da rai, abin kunna shi ne za a rasa. Hatta finafinan Kano na farko, da aka fara yi a kan kaset daga 1990, haɗarin da suke ciki ke nan. Shaihu Umar ya samu ofishin jakadanci ya tsaya masa saboda sunan wanda ya rubuta shi. Kaset ɗin kakarka ba jakadan da zai zo nemansa.

Na'urar da ake juyar da kaset zuwa kwamfuta ba ta da tsada a ƙasar nan, kuma muna da yara a zauren nan da za su koyi aikin a yini guda. Shawarata ƙungiya ta sayi guda ɗaya tare da tsohuwar na'urar bidiyo mai lafiya, a ajiye wurin mutum ɗaya amintacce. Duk mai zuwa gida hutu ya rage tsarabar kilishi da yaji kaɗan, ya bar wa kaset wuri a jaka. Wanda aka juya, a ba mai shi kwafi biyu, ɗaya a nan ɗaya a gida, kuma kada a sa na kowa a intanet sai da yardar iyalinsa, musamman abin da ya shafi mata da cikin gida.

Na bar takarda wurin sakatare. Mai son shiga kwamitin nuna fim ya rubuta sunansa a gefen dama, mai kaset a gida ya rubuta a hagu, ya faɗi ko na bidiyo ne ko na rediyo. Ma'aji kuma zai kawo mana lissafin kuɗin zaure da na na'ura a zama mai zuwa, in sha Allahu.

Allah ya jiƙan Sir Abubakar da Adamu Halilu da iyayenmu baki ɗaya, ya zaunar da Bauchi da Gombe lafiya. Ranka ya daɗe shugaba, na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.